ALƘALI BA SHAIDU: NAZARI A KAN GARDAMAR 'YAN KALLO BAYAN WASAN ƘWALLO

Masu nazarin adabin baka na Hausa sun daɗe suna tattara tatsuniyoyi da karin magana da kirari da waƙoƙin makaɗa, amma akwai wani irin zance da ake yi kowane mako a garuruwan ƙasar Hausa wanda ya cancanci a saurare shi da irin wannan kunne, watau gardamar da 'yan kallo ke yi bayan an tashi daga wasan ƙwallon ƙafa. Ana yin ta a ƙofar gidan kallo, da teburin mai shayi, da majalisar bayan sallar lisha, da cikin motar haya. Wanda ya wuce da sauri zai ɗauka hayaniya ce kurum. Alhali kuwa tana da tsari, tana da kalmominta, tana da hanyar kafa hujja da hanyar rushe ta. Abin da ake nufin nunawa a wannan takarda shi ne, yawancin ƙarfin wannan gardama da yawancin rauninta daga kalma guda suka fito, kalmar da Hausa ta zaɓa ta kira mutumin da ke busa usur a tsakiyar fili.

Mutumin nan suna biyu gare shi. Akwai na aro, rafali ko lafari, wanda yara suka fi faɗi a filin unguwa. Akwai kuma alƙalin wasa, wanda gidajen rediyo da jaridu suka riƙe, shi ne kuma ya zauna a bakin manya. Na farkon bai ɗauko kome ba, sauti ne aka ara aka lanƙwasa shi ya dace da harshe. Na biyun kuwa ya shigo fili da kayansa duka, gama alƙali ba baƙo ba ne ga Bahaushe. An san yadda yake zama, da muhuti a gefensa, da littattafan Malikiyya a gabansa, irin su Tuhfa ta Ibn Asim da Muhtasar na Halil. An san mai ƙara shi ke fara faɗin da'awarsa, wanda ake ƙara ya amsa, sa'an nan a nemi shaidu a tantance su, in ba a samu ba a koma ga rantsuwa. An san kafin a yanke hukunci sai an yi i'izari, watau a tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana. Wanda bai gamsu ba kuma yana da inda zai kai kuka, ko wajen babban alƙali, ko majalisar sarki, daga baya kuma aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a Jihar Arewa a 1956, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta gaje ta a 1960. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a nan shi ne, a mazhabar Malikiyya ba a yarda alƙali ya yi hukunci da abin da shi kansa ya gani ko ya sani ba. Ko da a gabansa aka yi abu a kasuwa, in ya hau shimfiɗar shari'a sai ya nemi waɗanda za su shaida.

To, a dubi alƙalin wasa. Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, ta biyar ita ce ta yi bayanin ikonsa, abin da ta ƙunsa kuwa shi ne hukuncinsa a kan abin da ya auku a cikin wasa shi ne na ƙarshe, har da maganar ko an ci ƙwallo ko ba a ci ba. Shi ne shaida, shi ne mai hukunci. Ba ya jin da'awa, ba ya yin i'izari, wanda ya matsa masa da jayayya ma kati zai gani. Da abin da idonsa ya gane masa kaɗai yake aiki, yana gudu, cikin ƙiftawa. Watau abin nan da aka hana alƙali shi ne dukan sana'ar alƙalin wasa. Saboda haka duk sa'ad da Bahaushe ya kira shi da wannan suna ya ɗora masa alkawarin da dokar wasa ba ta bar shi ya cika ba, kuma gardamar da ke biyo bayan wasa ba wani abu ba ce illa zaman ɗaukaka ƙarar da fili ya hana.

Wasannin gargajiya ba su saba wa jama'a da irin wannan ba. A dambe, in hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an kashe shi, duk wanda ke da'ira ya gani, makaɗi ya gani, masu raba 'yan wasa ba su da wani gani da ya fi na sauran. Ƙwallo ne ya zo da al'amarin da dubban mutane za su zuba ido a kan abu guda, sa'an nan a ce ganin mutum ɗaya ne abin lissafi.

Babu wasan da ya fi nuna wannan kamar wasan ƙarshe na cin Kofin Afirka da aka yi a babban filin wasa na Surulere, a Ikko, ran 13 ga Fabrairu, 2000, tsakanin Nijeriya da Kamaru. Hausawa na ɓangarorin biyu sun kalle shi, na Kano da Kaduna da Yola a nan, na Garwa da Marwa da Ngaundare a can, har yanzu kuwa in an tayar da zancensa sai murya ta ɗaga. Kamaru ce ta fara cin biyu, ta ƙafar Samuel Eto'o da Patrick Mboma. Raphael Chukwu ya rama ɗaya dab da hutun rabin lokaci, Jay-Jay Okocha ya rama ta biyu da dawowa. Aka yi ƙarin lokaci ba wanda ya ƙara, aka tafi bugun fanareti. Victor Ikpeba ya buga nasa, ƙwallon ya daki ƙarfen sama, ya faɗo ƙasa, ya yi tsalle ya fito. Alƙalin wasa, Mourad Daami mutumin Tunisiya, ya ce ba a ci ba. Hoton talabijin da aka maimaita a hankali ya nuna ƙwallon ya faɗi a bayan layi. Rigobert Song ya buga na ƙarshe ya ci, Kamaru ta ɗauki kofi da 4 da 3.

Duk gardamar da aka yi a kan wannan bugu jimla biyu ce tushenta, "ta shiga" da "ba ta shiga ba". (Abin lura ne a nan cewa ƙwallo namiji ne bisa ƙa'ida, shi ya sa ake cewa ƙwallon ƙafa, amma 'yan kallo sukan mayar da shi mace in wasa ya yi zafi, watakila don tamaula da suka saba da ita tun suna yara.) Mai cewa ta shiga hujjarsa ɗaya ce, kuma mai ƙarfi: shi ganau ne, ba jiyau ba. Talabijin ya mayar da kowane ɗan kallo shaida, har ya ba shi abin da alƙalin bai samu ba, gani na biyu da na uku, a zaune, a hankali. Gani ya kori ji. Amma abin da ya fi ban sha'awa shi ne amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa. Ba su musun hoton, don ba ya musuntuwa. Sai su ce ai shi mai bugun da kansa, da ƙwallon ya fito, hannu ya ɗora a ka. Haka kuwa aka yi, Ikpeba ya ɗora hannuwansa biyu a kai. Ga Bahaushe ɗora hannu a ka ba ƙaramin abu ba ne, alama ce ta wanda asara ta sama. Masu wannan magana suna ɗaukar alamar a matsayin iƙirari, watau mai ƙara ya amsa da bakinsa cewa ba shi da hakki, kuma kowa ya sani a shari'a in mutum ya yi iƙirari an gama da neman shaidu. Sai na farko su dawo su ce iƙirarin wanda bai gani ba ba iƙirari ba ne, mutumin da ke tsaye nisan mita 11 daga raga, yana kallon ta gaba da gaba, ina zai ga inda ƙwallo ya sauka?

Wannan musayar hujja ita ce mafi kyaun abin da ke cikin irin wannan zance, kuma malamin da ke neman misalin yadda ake kafa hujja a warware ta, don ya koya wa ɗalibansa, ba zai sami wanda ya fi ta tsabta ba a littattafan makaranta. Duk da haka ya kamata a lura da cewa ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda ba tare da sun faɗa ba, watau cewa filin ƙwallo ɗakin shari'a ne, inda iƙirari da shaida ke da nauyi. A dokar wasa hannun Ikpeba ba shi da wani matsayi. Abin da doka ta goma ke tambaya kaɗai shi ne ko ƙwallo dukansa ya ƙetare layi tsakanin turaku biyu a ƙarƙashin ƙarfen sama. Ya ƙetare, alƙali bai gani ba, ya yi kuskure. Maganar ke nan, gajeriya ce ƙwarai, shi ya sa ba ta ishe masu gardama.

Daga nan ne rauni ke farawa, kuma nahawu ne ke ɗauke da shi. Akwai ginin jimla na "da... da...", wanda Hausa ke faɗin abin da bai auku ba da shi: "da an ba mu wannan, da mun ɗauki kofi." Gini ne mai daɗin faɗi, gama rabinsa na biyu yana fitowa da ƙarfin na farko, mai sauraro ba ya samun sararin tsayawa a tsakani ya yi lissafi. In an yi lissafin kuwa, ga abin da za a samu. Nwankwo Kanu ya riga Ikpeba bugawa, mai tsaron gidan Kamaru, Alioum Boukar, ya tare. A ɓangaren Kamaru Marc-Vivien Foé bai ci nasa ba. Da an lissafa na Ikpeba, sauran kuma suka tafi yadda suka tafi, da 4 da 4 aka tashi bugu biyar na farko, a ci gaba da ɗaya-ɗaya. Abin da aka hana Nijeriya dama ce ta ci gaba da bugu. Dama kuwa ba kofi ba ce. Amma ba a taɓa jin mai gardama ya ce "an hana mu dama" ba. "An ƙwace mana kofi" ake cewa.

A dubi kuma wannan "an". Wakilin suna ne da ke faɗin aiki ya ɓoye mai yinsa, kuma shi ne makamin da 'yan kallo suka fi ɗauka ranar da aka yi rashi. Ranar nasara "mun ci" ake cewa, da mai sayar da rake da direban mota duk suna cikin "mun". Ranar rashi sai jimla ta juya, "an ci mu", "an cuce mu", "an sayar da wasa". In kuwa laifin na 'yan wasa ne ƙarara har ba ya ɓoyuwa, sai a ji "sun zubar", "sun ba da mu", mai magana ya zare jikinsa daga cikinsu. Wannan "an" yana da faɗi, yana ɗaukar alƙali, da hukumar ƙwallo, da duk wanda zuciya ta raya. A zancen wasan 2000 yakan ɗauki har da abin da ya wuce da shekaru, gama Kamaru ta doke Nijeriya a wasan ƙarshe a Abijan a 1984 da ci 3 da 1, ta sake doke ta a Kasabalanka a 1988 da ci 1 ba ko ɗaya, ranar da aka soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka. Mai cewa "an saba yi mana haka" ya haɗa alƙalai dabam-dabam na shekaru goma sha shida ya yi musu fuska ɗaya, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba, balle a ce ya kawo shaida.

Aikatau "ci" shi ma yana taimakawa. Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya san yawan ma'anonin da ke ƙarƙashin wannan ƙaramar kalma. Da ita ake cin ƙwallo, da ita ake cin wasa da cin kofi, da ita kuma ake cin hanci da cin amana da cin zali. Daga "sun ci" zuwa "ya ci" taku ɗaya ne, mai habaici kuwa ba ya bukatar ya ƙarasa jimlar, ya ce "alƙalin ma ai ya ci nasa" ya yi shiru, majalisa ta gane. Mutanen da ɗazu suke tantance iƙirari da shaida kamar almajiran Tuhfa, su ne yanzu suka yanke wa mutum hukuncin rashawa ba mai ƙara, ba shaidu, ba i'izari. Sun yi wa alƙali abin da suke zarginsa da yi. Laifi tudu ne. Wannan kuma ba wasa ba ne, domin a filayen gasar cikin gida ta Nijeriya an sha dukan alƙalan wasa bayan an tashi, malaman makaranta da ke riƙe usur a wasannin ɗalibai kuma sun san irin kallon da ake bin su da shi in sun fito. Hannu ba ya tashi sai baki ya riga ya gama shari'a.

Sauran kalmomin wasan ma sun karkata wajen nan. Wanda ya fara kiran fanareti "bugun daga kai sai mai tsaron gida" ya yi gwaninta, gama ya zana abin yadda yake, bai ɗora wa kowa laifi ba. Amma "satar gida" ta mai da kuskuren taku ɗaya sata, "ƙeta" kuma ta sa mugun nufi a inda doka sau da yawa ganganci ko rashin kula kawai take hukuntawa. Ɗan kallon da aka ce masa an yi ƙeta ba a busa ba, dole ya ji an goyi bayan mugu.

In gardama ta bar alƙali ta koma kan 'yan wasa sai salonta ya sake gaba ɗaya. Nan babu sauran shaida da iƙirari, kirari ne da zambo, gadon maroƙa da makaɗan maza. Kirari ba ya auna mutum, rana ɗaya yake kamawa ya ɗaure shi da ita, kamar yadda Ɗan Anace ya ɗaure Shago da sunan da har yau ba a kwance ba. Zambo ma haka yake yi ta ɗaya fuskar. Ikpeba shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1997. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik a Atlanta a 1996, sa'ad da Barazil ke gaba da 3 da 1, shi ya ci ƙwallon da ya buɗe hanya kafin Kanu ya ci biyun da suka gama wasan 4 da 3. Amma a majalisa ranar Atlanta ta Kanu ce shi kaɗai, ranar Ikko kuwa ta Ikpeba ce, mai hannu a ka, ko da yake shi ƙwallonsa ya shiga, na Kanu ne bai shiga ba. Kirarin da Kanu ya riga ya samu ya rufe masa asiri, kuskuren alƙali kuma ya janye idon jama'a daga kansa. Tijjani Babangida, mutumin Kaduna, wanda ya ci ƙwallaye biyun da aka fitar da Afirka ta Kudu da su a wasan kusa da na ƙarshe na wannan gasa ta 2000, shi rabonsa ya yi kyau, ranarsa mai kyau aka kama. Mai tsaron baya da ya yi minti 120 yana tare hanya ba wanda ya wuce shi, ba ya samun ko ɗaya daga cikin biyun, domin abin da bai auku ba ba ya shiga kirari. A wannan fanni hukuncin 'yan kallo ya fi na kowane alƙalin wasa gaggawa, ga shi kuma ba a ɗaukaka shi.

Za a iya zaton na'ura za ta kashe gardamar. Hukumar da ke tsara dokokin wasa ta amince da na'urar layin raga a 2012, bayan ƙwallon Frank Lampard na Ingila da aka hana a wasansu da Jamus a 2010, irin na Ikpeba sak. Inda aka kafa wannan na'ura, "ta shiga" da "ba ta shiga ba" sun daina zama abin musu. Sa'an nan a 2018 aka shigar da alƙalin bidiyo cikin doka, aka yi aiki da shi a gasar Kofin Duniya a Rasha. Wannan shi ne karo na farko da alƙalin wasa ya yi kama da sunansa na Hausa: ga mataimaka a zaune suna duba masa, ga shi yana tsayar da wasa ya je ya sake kallo kafin ya yanke. Ran 26 ga Yuni na shekarar, a birnin San Fitasbag, kwana huɗu bayan Ahmed Musa ya ci Aisland biyu, Nijeriya na kunnen doki 1 da 1 da Ajantina, sakamakon da zai ishe ta wucewa zagaye na gaba, sai ƙwallo ya taɓa kan Marcos Rojo ya sauko a hannunsa cikin da'irar gidansu. Alƙali Cüneyt Çakır, mutumin Turkiyya, ya je gefen fili ya duba hoton, ya dawo ya ce babu fanareti. Dokar wancan lokaci sai an taɓa ƙwallo da hannu da gangan take hukuntawa, shi kuwa ya ga daga kan mutumin ƙwallon ya zame. A minti na 86 Rojo ɗin nan ya ci ƙwallon da ya fitar da Nijeriya.

A 2000 mafi munin abin da mai adalci zai ce game da Daami shi ne bai gani ba, kuma a cikin masu gardama akan sami dattijon da zai tsaya a nan ya ce ɗan Adam ne. A 2018 wannan mafaka ta rushe. Ba wanda ya yi musun cewa ƙwallo ya taɓa hannu, alƙalin ma bai musa ba. Abin da ya rage shi ne niyya, ko Rojo ya yi da gangan, niyya kuwa ba ta fitowa a hoto kome yawan maimaita shi. Jimlar da aka yi ta ji a gidajen kallo a daren nan ita ce "ya je ya gani da idonsa, ya hana", aikatau uku a jere, kowanne da "ya", babu "an" ko ɗaya.